Malamina ya roƙe ni in ƙara masa albashi a takardar da zai kai banki

Assalamu alaikum Anti. Ni mace ce mai shekara 46, ina da makarantar kuɗi ta nazare da firamare a wata unguwa a Kano. Ma'aikatana 14 ne har da maigadi da mai shara. A cikinsu akwai wani malami da muka shekara takwas tare. Lokacin korona da aka rufe makarantu, na yi wata shida ban iya biyan kowa ba. Malamai uku suka kama gabansu, shi kuwa ya zauna, har ya riƙa hawa kekensa yana bi gida-gida yana kai wa 'yan aji shida aiki, don kada iyaye su janye 'ya'yansu. Ba don Allah ya sa yana nan ba, da yanzu makarantar sai labari.

Yanzu nauyi ya yi masa yawa, 'ya'yansa biyar. Yana so ya ci bashin banki ya sayi adaidaita sahu na hannu, ƙaninsa ya riƙa ja da safe, shi kuma da yamma da ranakun hutu. Bankin sun ce ya kawo takarda daga wurin aikinsa mai tabbatar da cewa ma'aikacinmu ne, da kuma adadin albashinsa. Abin da nake tura masa ta banki Naira 60,000 ne. Ina ba shi 15,000 a hannu duk wata saboda shi ke kula da jarrabawa, sai 10,000 na lesin idan ana karatu. Ya same ni a ofis, kansa a sunkuye, ya roƙe ni in rubuta 180,000, wai in ƙasa da haka ne ba za su ba shi abin da zai isa ba. Kunya ta kama ni na ce masa "in sha Allahu". Maigidana ya ce in rubuta kawai, kowa haka yake yi, ai ba kuɗin wani zan sata ba. Ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya. Ban taɓa rubuta irin wannan takarda ba, shi kansa ban taɓa ba shi takardar ɗaukar aiki ba, da baki muka yi komai. Kuma in faɗa miki gaskiya, ina jin nauyin in rubuta dubu sittin ɓaro-ɓaro wani ya karanta. Yaya zan yi in taimake shi ba tare da na jefa kaina cikin rami ba?

Mai makaranta, daga Kano

Wa alaikumus salam Hajiya. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma a karo na biyu abin da ya tsayar da ni shi ne inda kika ce kina jin nauyin rubuta dubu sittin. Zan dawo kansa, domin a ganina a nan ƙullin yake. Amma kada in bar ki a rataye: kada ki rubuta 180,000. Takardar kuwa ki rubuta masa, a wannan makon ma, kuma ki rubuta ta yadda duk wanda ya karanta zai san mutumin kirki ne aka turo masa.

Mu mutanen nan muna da wata ɗabi'a ta raina takarda. Mutumin da ko za a yanka shi ba zai tsaya gaban alƙali ya ce ya ga abin da bai gani ba, shi ne za a miƙo masa biro ya sa hannu a kan adadin da ya san ba haka yake ba, ya ce ai takarda ce kawai. Alhali wannan takarda shaida ce. Banki ba su san malaminki ba, ba su ga ranar da ya hau keke cikin rana yana raba aikin gida ba. Ke suka tambaya, domin ke kaɗai ce kika san abin da yake shiga aljihunsa duk ƙarshen wata, kuma a kan maganarki za su ɗauki kuɗin jama'a su ba shi. Kin san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake lissafa manyan zunubai yana kishingiɗe, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru. Rashin kwanciyar hankalin da kike ji daga nan yake, kuma alheri ne a gare ki da kike jin sa.

To amma a ce mun ajiye wannan gefe, mu duba ko dabarar za ta yi aiki ma. Babu bankin da ke ba da bashin albashi da takardar wurin aiki kaɗai. Za su haɗa ta da bayanin shige da ficen asusunsa, yawanci na wata shida, abin da ake ce wa sitatimen. Ma'aikacin bankin zai ajiye takardarki a dama, sitatimen a hagu. Dama ta ce 180,000, hagu ta nuna 60,000 na shigowa duk wata daga asusun makarantarki. Ko ɗan koyo ne a kujerar zai gani. Daga nan sai waya. Za su kira lambar da kika sa, su tambaye ki ina sauran dubu ɗari da ashirin. Sai ki ce a hannu ake ba shi. Su ce a turo takardar biyan albashi. Sai ki sa akawunki ta ƙirƙiro. Ƙarya ɗaya ta haifi uku kafin azahar, kuma yanzu kin jawo yarinyar da ba ta ji ba ta gani ba cikin maganar. Ramin ƙarya ƙurarre ne, Hajiya, kuma na banki ya fi kowanne gajarta, tunda kwamfuta ce ke riƙe da lissafin.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba a kama ku ba ne. Abin tsoron shi ne takardar ta wuce. Mu yi lissafin tare. Galibin masu ba da irin wannan bashi suna tsayar da abin da za su riƙa cira a wajen kashi ɗaya cikin uku na albashi. Kashi ɗaya cikin uku na 180,000 shi ne 60,000. Kin ga adadin? Daidai da duk abin da kike tura masa ta banki. Wato ranar da albashi ya faɗa, kafin ya gama karanta alat an kwashe shi tas. Abin da zai rage wa mai 'ya'ya biyar shi ne 15,000 ɗin hannu da kuɗin lesin, shi ma lesin ba a yin sa a dogon hutu. Zai ce miki ai adaidaitan zai biya kansa. Allah ya sa. Amma babur na hannu ne, inji na iya bugawa a wata na biyu, akwai kuɗin mai, akwai takardu da lambar KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, akwai ranar da ƙanin zai dawo ya ce yau kasuwa ba ta yi ba, balas, wato kuɗin da direba ke kawo wa mai babur kullum, bai cika ba. Banki kuwa ba ruwansa da an yi ciniki ko ba a yi ba. Tun watan Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar bin lambar BVN ta wanda ya kasa biya su ɗebi kuɗi daga asusunsa na wasu bankunan, bisa yarjejeniyar da ake sa mai cin bashi ya sa wa hannu. Sunansa kuma zai shiga rajistar masu taurin bashi da duk bankuna ke dubawa, ya rufe wa kansa ƙofar da zai buƙata nan gaba. Ƙa'idar nan ta kashi ɗaya cikin uku da yake ganin ta tare masa hanya, katanga ce da ke hana shi faɗawa rijiya. In kin ƙara adadin, ke ce kika rushe katangar.

Ke ma kina da naki kason. Dokar zamba ta 2006, wadda hukumar EFCC ke yawan gurfanar da mutane a ƙarƙashinta, ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi dukiya ta hanyar bayanin ƙarya, kuma wanda ya taimaka aka yi yana cikin laifin. Ba ina ce miki duk takardar da aka kumbura adadinta tana ƙarewa a kotu ba ne. Da yawa a kwandon shara suke ƙarewa, a ce wa mutum a yi haƙuri. Sai dai ranar da bashi ya lalace, abu na farko da ake zarowa daga fayil shi ne takardar da ke ɗauke da tambarin makarantarki da sa hannunki. Makaranta kuwa da suna take ci. Iyaye suna kawo miki 'ya'yansu ne don sun yarda in kin rubuta yaro ya ci saba'in, to saba'in ɗin ya ci.

Malamin nan kada ki ga baƙinsa. Mutumin da ya shigo ofis kansa a sunkuye ya san abin da yake roƙo ba daidai ba ne, matsi ne ya kai shi. Mai yiwuwa ma ba shi ya ƙirƙiro adadin ba. A bakin bankuna da majalisu akwai masu ba da irin wannan shawara kyauta, su ce ai ka sa a rubuta maka kaza, kowa haka ya yi. Kuma ki lura da abin da ya nema. Bai ce ki ba shi kuɗi ba, bai ce ki ƙara masa albashi ba, bai tuna miki wata shidan korona ba. Ya zaɓi abin da yake ganin ba zai ci miki ko kwabo ba. Wannan kawaici ne irin na mutanen kirki, ko da yake ya kai shi ga kuskure.

Yanzu mu dawo kan kunyar nan taki. Kina jin nauyin rubuta 60,000 ne saboda zuciyarki ta san mutumin ya fi haka. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun Yulin 2024 Naira 70,000 ne, gwamnatin Kano ma ta sa nata 71,000. Gaskiya ne dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka ba ki karya ta ba. Na kuma san halin da masu ƙananan makarantu ke ciki: iyaye na biya guntu-guntu, wasu sai ranar jarrabawa, ga haya, ga alli da takardu, ga haraji iri-iri. Ba zan zauna a nan in ce ki ninka albashi ba. Amma akwai bashin alheri a wuyanki, kin sani, shi ya sa bakinki ya yi nauyi har kika ce in sha Allahu. Abin da nake tsoro shi ne ki biya wannan bashi da sa hannu, domin ya fi araha a yau. Bashin da ke kanki daga aljihunki ya kamata ya fito, ko kaɗan-kaɗan ne.

Kuma ga wani abu da ke da shi duka kuka manta: albashinsa ba 60,000 ba ne. Abin da yake samu a wurinki duk wata 75,000 ne, a watannin karatu 85,000. Kuɗin jarrabawa da na lesin hakkinsa ne na aiki, rashin rubutawa ne kawai ya sa suka zama kamar kyauta. Rubuta su gaskiya ce, ba ƙari ba. Sau da yawa masu ƙananan wuraren aiki suna cutar ma'aikatansu ta nan ba da niyya ba. Ana biya a hannu, a ambulan, ko a ce wa akawu "miƙa masa", sai ranar da mutum ya je neman bashi ko hayar gida ko biza ya ga rabin guminsa ba shi da shaida.

Don haka kafin takardar banki, ki fara biyan wata tsohuwar takarda. Dokar ƙwadago ta ce mai aiki ya ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da fara aiki. Kin makara da shekara bakwai da wata tara, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ki rubuta masa takardar tabbatar da aiki mai kwanan watan yau, ki ambaci ranar da ya fara a cikinta. Kada ki mayar da kwanan wata baya don ta yi kama da tsohuwa, wannan ma wata ƙaryar ce. Sannan daga wannan watan, duk abin da yake samu ki haɗa ki tura ta banki, daga asusun makaranta, a rana ɗaya ko kusa da ita, ki rubuta "albashi" da sunan watan a wurin bayani. In da hali sauran ma'aikatan 13 ma ki yi musu haka, tunda su ma ranarsu na zuwa.

Ita takardar bankin ba doguwa ba ce, shafi ɗaya ya isa har da rara. Da Turanci za a buga ta tunda shi ne harshen aiki a banki, amma ki tabbatar kin fahimci kowane layi kafin ki sa hannu. A buga ta a kan takardar makaranta mai ɗauke da suna da tambari da adireshi da lambar rajistarku ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni. A sa kwanan wata. A rubuta ta zuwa ga manajan reshen bankin da ya nema, da sunan bankin, kada a bar ta a buɗe ga duk wanda ta faɗa hannunsa, domin takardar da ba ta da adireshi tana iya yawo wuraren da ba ki taɓa zato ba. Sunan malamin a rubuta shi cikakke kamar yadda yake a katinsa na NIN da BVN, harafi da harafi. Na sha ganin an mayar da mutum gida saboda wuri ɗaya an rubuta Muhammad wani wurin Mohammed.

Abin da cikinta zai ce, in aka juya shi da Hausa, kusan haka ne: "Ina tabbatar da cewa Malam wane ma'aikacin wannan makaranta ne na dindindin tun watan kaza na shekarar kaza. Malamin aji ne kuma jami'in jarrabawa. Albashinsa na wata Naira 60,000 ne, da alawus na jarrabawa Naira 15,000 duk wata, jimla Naira 75,000. Ban da wannan yana karɓar Naira 10,000 a wata na darasin yamma a watannin da ake karatu. An rubuta wannan takarda ne bisa buƙatarsa, don neman rance a bankinku, kuma ba ta ɗora wa makaranta alhakin biyan bashin ba." Sai sunanki, muƙaminki, sa hannu, hatimi, da lambar wayar da in an kira za a ɗauka. Kowane adadi a rubuta shi da lamba sannan da kalmomi, don kada wani ya zo ya liƙa sifili. In kina cire masa haraji ko wani abu, ki bambanta jimlar kafin cirewa da abin da ke isa hannunsa, domin bankin na biyun suka fi dubawa. Kin ga na ware kuɗin lesin daban, da sharaɗinsa. Haka ya dace, tunda ba duk wata yake zuwa ba. Kuma tunda 15,000 ɗin ba za ta fito a tsohon sitatimen ba, ki ƙara layi ɗaya cewa a baya a hannu ake biyan ta, daga wannan watan ta koma banki. In kina da littafin da yake sa hannu idan ya karɓa, ki haɗa hoton shafukan.

Ba a cusa tarihin rayuwa a irin wannan takarda. 'Ya'yansa nawa, rashin lafiyar da ya taɓa yi, bashin da ake bin sa a unguwa, duk ba huruminki ba ne. Layi ɗaya na yabo kuwa ba laifi, kuma a nan ne za ki saki hannu, tunda gaskiya ce zalla: shekara takwas ba a taɓa kama shi da rashin amana ba. Ki sa ya rubuto miki buƙatar da hannunsa, ko layi biyu ne, ki haɗa da kwafin takardar ki ajiye a fayil ɗinsa. Albashin mutum sirrinsa ne, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta ƙarfafa haka, don haka in wani ya kira yana tambaya, ki tabbatar daga bankin ne, kuma ki tsaya a kan abin da ke rubuce.

Akwai wuri ɗaya da nake so ki buɗe ido sosai. Takardu uku ne ke yawo a irin wannan harka, kuma sukan zo a haɗe kamar abu ɗaya. Ta farko ita ce wadda muka gama magana a kai, shaida ce kawai. Ta biyu alƙawari ne cewa za ki ci gaba da tura albashinsa ta wannan asusun har ya gama biya, ba za ki sauya masa banki ba, in ya bar aiki kuma za ki sanar da su. Wannan za ki iya sa hannu in kin san za ki cika, amma ki sani ranar da ya zo ya ce "Hajiya wannan watan ki ba ni a hannu", ba ki da ikon yi masa. Ta uku ita ce ta tsayawa, garanto. Wannan ta ce in ya kasa, ke za ki biya. Kada ki taɓa ta sai in kin shirya biyan kuɗin gaba ɗaya da zuciya ɗaya, kuma kada ki sa sunan makaranta a ciki. Duk fom ɗin da ya kawo, ki ce a bar miki shi ya kwana, ki ba wanda ya san harkar ya karanta miki.

Kada kuma ki ba kowa takardar makaranta fara da sa hannunki a ƙasa, wai ya je shagon kwamfuta a cike. Wata ƙawata mai shagon ɗinki ta taɓa yin haka don sauri, za ta biki. Bayan wata takwas aka zo mata da kwafi, ta tarar yaron da take biya kuɗin sati ya zama manajanta mai albashin da ita kanta ba ta samu. Har yau in an tuna mata sai ta dafe kai.

To in takardar gaskiya ta je, aka ce abin da za a ba shi ba zai sayi babur ba fa? Mai yiwuwa haka za a yi, gara ki shirya. A nan ne taimakonki na ainihi zai shigo. Ki zauna da littafin kuɗinki ki ga nawa makaranta za ta iya ranta masa ba ruwa, a farkon zango lokacin da kuɗin makaranta ke shigowa. Ku rubuta, da shaidu biyu, kamar yadda aya mafi tsawo a Alƙur'ani ta yi umarni a kan bashi, ki riƙa cira kaɗan-kaɗan. Dokar ƙwadago ma ta hana a cire wa ma'aikaci fiye da kashi ɗaya cikin uku na albashinsa a wata, kuma in ya ci na bankin, ki haɗa lissafin biyun kada a taru a kansa. Ki duba ko za ki iya ƙara masa ko dubu goma ce a albashi, ko ki ba shi muƙamin da dama yake yin aikinsa ba suna. Wata shidan korona ma, in ba ki taɓa biya ba, ki lissafa abin da ya kama ki fara rage shi. Wannan ba rance ba ne, nasa ne, kuma zai iya zama kafin alƙalamin babur ɗin. In malamanki suna adashi, a roƙa masa ɗaukar farko. In ba sa yi, ga dalilin farawa.

Ya kuma leƙa bankunan da ba sa harkar ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019. Tsarinsu na murabaha shi ne su sayi kayan su sayar maka da ribar da aka sani tun farko, ka biya a hankali. Su ma za su nemi takarda da sitatimen, ba sa ba da kyauta, amma ga mai gudun riba hankali ya fi kwanciya. Akwai kuma masu ba da adaidaita a riƙa biya kullum ko duk sati har a mallaka. Jimlar kuɗinsu takan yi tsada, sai ya lissafa da kyau, ya kuma karanta abin da zai faru in ya yi fashin biya.

Wata dabara kuma tana cikin harabarki. Iyaye nawa ne ke fama da kai yara da ɗauko su? In babur ya samu, ki haɗa shi da iyayen da ke so, a yi tsari na wata-wata, ƙanin ya riƙa jigilar yaran safe da rana, da sharaɗin ba cunkuso kuma direban ya iya tuƙi. Kuɗi ne tsayayye da ba ya jiran sa'ar titi. Amma kada ki rubuta shi a takardar banki tun yanzu, sai ya tabbata.

In zai iya haƙurin wata shida albashinsa cikakke yana shiga banki, sitatimen ɗinsa da kansa zai yi masa magana, ga ɗan abin da ya tara, bashin da zai nema ya ragu. Na san wata shida ga mai 'ya'ya biyar ba wasa ba ne. Shi zai zaɓa, ke dai ki shimfiɗa masa hanyoyin.

Saura janye "in sha Allahu". Kada ki yi ta waya ko ta WhatsApp, kada kuma ki bi hanyar da muka saba ta yau-da-gobe har mutum ya gaji ya gane da kansa. Wannan ta fi ƙi ciwo. Ki kira shi ofis bayan an tashi, ki ba shi kujera, ki fara da abin da ba ki taɓa faɗa masa da baki ba. Ki ce, "Malam, ban manta abin da ka yi wa makarantar nan ba, kuma ba zan manta ba. Ranar nan nauyinka ya sa na amsa abin da ba zan iya ba. Adadin nan ba zan rubuta ba, don zai cuce ka kafin ya cuce ni. Zo ka ga lissafin." Ki ɗauki biro ki yi masa lissafin dubu sittin ɗin nan a gabansa. Sannan ki zaro takardar gaskiyar, a buge, da hatimi, ki ɗora masa abin da kika yanke za ki iya yi daga aljihunki. Kada ya fita da "a'a" kaɗai a hannu. Zai iya yin shiru, fuskarsa ta canza, ya yi kwana biyu gaisuwa sama-sama. Ki bar shi, kunya ce. In ma abin ya kai ya nemi wani aikin da ya fi naki tsoka, ki rubuta masa shaidar da ta fi kowacce kyau, ki yi masa addu'a.

Maigida kuma ba sai an yi jayayya ba. Tausayi ne ya sa ya faɗi abin da ya faɗa, yana ganin hanya mafi sauƙi ce ta fitar da ke kunya. Ki nuna masa lissafin nan shi ma, ki tambaye shi in aka kira ki ofishin 'yan sanda wa zai raka ki. Tunda kuma ya nuna yana son a taimaki malamin, ki tambaye shi nawa zai sa a kuɗin babur ɗin.

Gobe da safe ki sa akawu ta binciko miki tsohon littafin albashi, ki tabbatar da wata da shekarar da ya fara aiki kafin a buga komai. Shekara takwas da baki ake faɗa, banki kuwa kwanan wata za su tambaya. Allah ya warware masa, ke kuma ya ƙara wa makarantar albarka.